Wasmad, Mai Kai wa Haji Labarin Ƙanƙara

Wasmad ya tsufa a kamfanin ƙanƙara na Haji Mukrodi, wanda ke bayan tashar jiragen kamun kifi a garin Tegal, amma ko mai yi masa kara ba zai rantse ya taɓa ganin sa ɗauke da dunƙulen ƙanƙara ba. Tafin hannunsa laushi gare shi kamar na mai jego. Abin da ya iya, ya kuma ci abinci da shi har kansa ya yi fari, shi ne kai labari.

Tun yana ƙarami haka yake. Ubansa keken fasinja yake tuƙawa, uwarsa tana soya awara a bakin kasuwar kifi, shi kuwa aike ne nasa. Ranar da jirgin ƙasa ya take akuyar wani maƙwabcinsu, duk unguwa aka rasa mai zuwa ya faɗa wa mutumin, sai aka tura Wasmad. Ya je ya durƙusa, ya shiga yabon akuyar. Ya ce bai taɓa ganin dabba mai son yawo irinta ba, ga ƙarfin zuciya, ko ƙarar jirgi ba ta sa ta matsa. Mutumin ya ji daɗi har ya ba shi ayaba. Sai da yamma, da aka kawo masa fata da ƙaho, ya gane abin da aka zo faɗa masa da safe. Wasmad dai ya riga ya cinye ayabarsa.

Da ya zama saurayi aka sama masa aiki a kamfanin, cikin masu cika gwangwanaye. Aikin ba shi da wuyar ganewa. A cika dogayen gwangwanaye da ruwa, a jera su cikin tanki mai ruwan gishiri, inji ya yi ta sanyaya ruwan gishirin har abin da ke cikin gwangwani ya daskare, a ɗaga da ƙugiya, a juye, masunta su kwashe. Sanyi ne da jiƙa da ciwon baya. Ba a jima ba Wasmad ya ga ba don wannan aka haife shi ba. Wata rana wani inji ya ƙone, manya suna ta tura juna wa zai je gidan Haji, sai ya ce shi zai je. Ya dawo yana murmushi, riƙe da ƙunshin shinkafar da aka ba shi a gidan. Daga ranar bai ƙara sa takalmin roba ba.

Kowace safiya sai ya zaga kamfanin hannuwa a baya, kamar mai duba gonar gado, sannan ya gyara zaman baƙar hularsa ya hau babur zuwa gidan Haji. Tun daga matakala yake cire takalmi. Ya sunkuya, ya hau baranda, ya zauna a kujerar da ta fi ta maigidan gajarta. A kawo shayi a butar ƙasa, da dunƙulen sukari a gindin kofi.

"Yaya, Mad?" in ji Haji.

"Albarkarku, Pak Haji, komai lafiya lau."

Ba ƙarya tsirara yake shararawa ba, sana'ar tana da gwaninta. In inji ya tsaya, sai ya ce yana ɗan hutawa. In ma'aikaci ya zame ya karya ƙafa, sai ya ce ya nemi izini ya je ganin gida. Shekarar da ambaliya ta shiga ɗakin ajiya, cewa ya yi an sami damar wanke shi tas. Haji kuma, da hawan jini da ciwon gwiwa suka hana shi taka kamfanin tun tuni, ba yaro ba ne. Ya san babu inda ƙarfe ke juyi a ce kullum lafiya. Sai dai ya fi son ya sha shayinsa ba tare da an jefa masa ƙuda a ciki ba, ga kuma wanda ya iya tsare masa kofin.

Wannan gajeriyar kujera ita ce duk arzikin Wasmad. Saboda ita ake ce masa Pak Wasmad a hanya, irin kiran da ake yi wa manya. Saboda ita masu jirage suke fara gaishe shi, a wurin biki a zaunar da shi sahun gaba, a zuba masa nama ba romo kawai ba. Mai neman aiki wa ɗansa gidansa yake zuwa. Ba shi da gona, ba shi da jirgi, bai iya ɗaure ko ƙusa ba, amma shi kaɗai ke hawa barandar nan da safe, kuma duk garin an sani.

Ɗaya abin da ya ƙware a kai shi ne kiran suna a bakin ƙofa. Kowa ya san yadda ake yi. In abokinka ya makara, ko ya tafi kasuwar tsuntsaye, sai ka amsa masa, gobe shi ma ya amsa maka. Wasmad yakan ji murya ɗaya ta amsa suna uku, ko kai ba ya ɗagawa. Zuwa hantsi kwalin sigari mai kanumfari ya riga ya sami hanyar aljihunsa. A kamfanin Haji Mukrodi har wanda ke kwance a asibiti yakan amsa sunansa da murya garau.

Tankuna huɗu ne a kamfanin, kowanne da injinsa. Ukun farko ba a magana. Na huɗu kuwa Haji da kansa ya sayo injinsa shekarar da ya dawo daga Makka, daga wani kamfani da ya rufe. Ya gan shi da sabon fenti, ya shiga ransa, duk wanda ke wurin ya ce kai, Pak Haji akwai ido. Tun zuwansa injin nan yake da raki, da ya ƙara tsufa kuma sai ya kwana ya wuni yana gurnani ba tsayawa kafin ya iya daskarar da komai. Ko ya daskarar, ƙanƙarar zuciyarta ruwa ce. Masunta suna ƙwanƙwasa ta da ƙugiya su ce, "Ta huɗu ce wannan, canja mini." Sai Wasmad ya sa a riƙa cusa ta tsakiyar lodi, inda ƙugiya ba ta kaiwa. In Haji ya tambayi abin ƙaunarsa kuwa, amsa a shirye take: "Ai na huɗu shi ne uban gida. Ko hutu ba ya yarda ya yi."

Haka ake tafiya har Laras ta dawo. Ita ce autar Haji. Ta yi karatun injiniya, ta yi aiki a wata babbar masana'anta kusa da Jakarta, da ta ga yayyenta maza ba mai son warin kifi sai ta tattaro mijinta suka dawo gida, ta karɓi ofis. Yarinya ce mai ladabi. Tun tana tatata Pakde take ce wa Wasmad, kamar wan ubanta, kuma ba ta daina ba.

Dama kowane inji yana da akwatinsa a bango, ɗan toka-toka mai nuna lamba, wanda ke kunna shi ya kashe shi. Daga akwatin wata waya ta fito, a ƙarshenta ɗan ƙarfe kamar yatsa, tsome cikin ruwan gishiri yana jin sanyi. Ban da Tarjo, mai kula da injuna, babu wanda ke kallon akwatunan nan, shi ma sai in ya tuna. Laras ta kawo mutane suka ja doguwar waya guda, ta bi akwati bayan akwati, ta ratsa bango ta shiga kwamfutar ofis. Da aka kunna, gidaje huɗu suka fito a allon, uku kore, ɗaya ja wur.

Wasmad ya tsaya a bayanta, ya yi gyaran murya, ya kira ta da Mbak, yadda ake girmama mace a can. "To, Mbak Laras, shi wannan abin mene ne aikinsa?"

"Kiran suna yake yi, Pakde, irin naku na safe. Kowane akwati an ba shi lamba. Ya kira na ɗaya, ya ce sanyinka nawa, tun yaushe kake aiki, wuta nawa ka ci. Na ɗaya ya amsa, ya rubuta, ya wuce na biyu. Haka yake yi ba dare ba rana."

"In amsar ba ta yi daɗi ba fa?"

"Sai ya yi ja, kamar yadda kuke gani."

"Babu mai amsa wa ɗan'uwansa?"

Ta yi dariya, ta ɗauka barkwanci ne irin na tsofaffi.

A waje Tarjo yana jiran sa da haƙora a buɗe. "Pak, barka, an kawo maka ƙani. Shi kuma ba ya shan shayi, ba ya karɓar sigari. Ko babur ba sai an zuba masa mai ba."

"Rufe mini baki, kai da ko sunanka sai an amsa maka."

"Ni dai tausayinka nake ji. Yaron nan ba shi da kunya, gaban kowa yake faɗa."

Wasmad ya yi iya ƙoƙarinsa a kan jan nan. Da farko ya rataya kalanda ta yadda gefenta zai rufe kusurwar allon, Laras ta matsar da ita. Ya dawo ya ce ja launi ne mai tayar da hankali, ga maigida da hawan jini, ko za a mayar da shi ruwan goro, ko wani abu mai sanyin gani. Ta ce launin ba shi ne ciwon ba. Sai ya ce to ai an shigo da baƙon abu wuri ba a yi masa sadaka ba, dole tsohon inji ya yi fushi. Wannan kam ta yarda, don ba ta son a ce ta raina al'ada. Aka dafa shinkafa mai kurkum, aka tula ta kamar dutse, aka kira liman ya yi addu'a a tsakanin tankuna. Ma'aikata suka ci suka sha, suka sa albarka. Na huɗu yana nan ja.

Ana cikin azumi ta kira shi ofis, ta ba shi kujera, ta rufe ƙofa.

"Pakde, na sa an kafa wani allon a falon Baba. Ranar Sallah za a kunna masa, kyautata ce. Daga kujerarsa zai riƙa ganin komai."

Wasmad ya ƙaƙaro murmushi. "Madalla da 'ya ta gari."

"Sai dai na huɗu. Bayan Sallah dole a tsayar da shi a buɗe cikinsa, wataƙila ma a sallame shi. Ba na son Baba ya fara ji daga allo, gaban baƙi. Ku kuka saba gaya masa magana, kun san yadda za ku bi da shi. Ku faɗa masa kafin ranar."

Ita a ganinta girmama shi ta yi. Ya ce, "To, Mbak, in Allah ya yarda." Da ba ta daɗe a Jakarta ba, da ta tuna irin wannan to ɗin ba ta nufin komai sai na ji muryarki.

Ya dai gwada, kada a zalunce shi. Safiya bayan safiya yana hawa baranda da maganar a bakinsa. Ga azumi, babu shayin da zai jiƙa maƙogwaro. Sai ya fara daga nesa, daga tsufa da yadda ƙarfe ma yake gajiya, Haji ya yi ajiyar zuciya ya shafa gwiwa ya ce, "Haka ne. Na huɗu fa, yana nan da ƙarfinsa?" Bakin Wasmad kuma, kafin ya nemi shawararsa, ya riga ya amsa: "Kamar saurayi, Pak Haji."

A gida matarsa Darsinah tana saƙa ganyen kwakwa na dafa shinkafar Sallah, tana kallon sa yana juyi a kan tabarma.

"Ka faɗa masa mana. Inji ne ya tsufa, ba uwarsa ka zaga ba."

"Ke ba ki san manya ba. In na ce yau ba shi da lafiya, zai ce tun yaushe. In na ce tun tuni, zai ce to me nake zuwa yi masa kullum?"

"Tambaya ce mai kyau. Ni ma na daɗe ina son in ji amsarta."

"Darsinah, ana maganar mutunci kina wasa."

"Wane mutunci? Na zaman kujerar yara? Tashi ka riƙe mini ganyen nan, ko yau hannunka ya san ya yi aiki."

Ranar jajibere da azahar kamfanin ya yi tsit. Yawancin ma'aikata sun tafi garuruwansu, sauran sun baje kan buhuna suna jiran magariba. Laras ta bi mijinta wurin danginsa. An cika tankuna huɗun maƙil, domin bayan Sallah duk jiragen tashar rana ɗaya suke fita, kowa kuma ƙanƙara yake so a lokaci guda. Wasmad ya zo ya tsaya a siririn lungun da ke tsakanin tanki na uku da na huɗu, ba don komai ba sai don nan ne ba kowa. Yana tsaye idonsa ya faɗa kan yatsun ƙarfen nan biyu, ɗaya a wannan ruwa, ɗaya a wancan, tsakaninsu bai fi taki guda ba. Wayar na huɗu kuma an bar mata rara, an naɗe an rataye a ƙusa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya waiga hagu da dama, ya naɗe hannun riga, abin da ya manta yadda ake yi, ya zaro yatsan na huɗu, ya warware wayar, ya tsoma shi cikin tanki na uku kusa da ɗan'uwansa. Ya jefa jiƙaƙƙen buhu a kai. Ya wuce ofis da sauri ya tsaya gaban kwamfuta. Lambar na huɗu ta fara sauka a hankali, tana sauka, can sai jan ya ƙifta ya koma kore shar.

"Alhamdulillahi," in ji Wasmad. "Ashe kai ma ɗan gari ne."

Ya fito yana jin duk karatun Jakarta bai kai nauyin hularsa ba. Abu ɗaya ne bai shiga lissafinsa ba. Shi duk rayuwarsa abin da ake faɗa a baranda daban, abin da ake yi a kamfani daban, ɗaya ba ya taɓa ɗaya. Ya ɗauka yatsan nan ɗan aike ne irinsa. Alhali da shi akwatin yake sanin lokacin da zai kunna inji da lokacin da zai kashe. Da akwatin na huɗu ya ji sanyi ya kai inda ake so, sai ya yi abin da aka gina shi ya yi. Tsohon injin, da ya shekara bai rufe baki ba, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya ya yi shiru. Daga nan sai in na uku ya motsa yake motsawa, na uku kuwa ƙanƙararsa ta riga ta ƙanƙame, gyangyaɗi kawai yake yi.

Tarjo, da aka bar wa gadin hutun, ya farka saboda shirun. Ya tarar da Wasmad yana tayar da babur.

"Pak, na huɗu ya yi shiru fa."

"Warkewa ya yi. Sadakar nan kana tsammani a banza aka ci ta? Je ka duba kwamfuta."

Tarjo ya leƙa ta taga, ya ga kore huɗu reras. Surukansa suna jiran sa da kaza a wani ƙauye, saboda haka bai nemi ƙarin hujja ba. "To, tunda mai ilimi ya faɗa, ni wa?" Ko murfin tanki bai ɗaga ba.

Ranar Sallah ita ce rana mafi daɗi a rayuwar Wasmad. Falon Haji ya cika da masu jirage da dillalan kifi, ana sumbatar hannu, ana neman gafarar juna, ana cin shinkafa da miyar kwakwa. Aka kunna allon a bango. Haji ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ga jama'a.

"Kun gani? Abin da Mad yake faɗa mini shekara da shekaru, yau ga ƙarfe ya shaida. Akwai masu cewa an cuce ni a injin nan. To ga shi."

Wasmad ya sunkuyar da kai kamar amarya. "Idonku ne, Pak Haji. Mu namu kallo."

A cikin baƙin akwai Yu Karsem, wato Yaya Karsem, wadda mijinta ya rasu ya bar mata jirage, ta kuma ninka su da bakinta da ƙarfin halinta. Ta matso ta ƙura wa allon ido tana tauna. "Har na huɗu kore? Lallai azumin bana ya karɓu." Aka yi dariya. Haji, da daɗi ya ɗebe shi, ya ce bana kada kowa ya je neman ƙanƙara wani wuri, shi zai wadatar da kowa. Ya dubi Wasmad, Wasmad ya gyaɗa kai. Yu Karsem ta ce to ta ji, za ta soke wadda ta saba saye a hayin kogi.

Safiyar fitar jirage motoci suka yi layi har titi. Aka kwashe na ɗaya, aka kwashe na biyu da na uku, ƙanƙara fara tas tana ƙara kamar dutse. Motocin Yu Karsem ne a baya, rabonsu ya faɗo kan na huɗu. Ƙugiya ta sauka, ta ɗago sahun farko na gwangwanaye, aka karkata su. Ruwa ya zubo shaa, ya wanke ƙafafun masu lodi ya bi kwata. Aka ɗago sahu na biyu, haka. Na uku ma haka, sai wani ɗan ɓawo-ɓawo da ya fashe tun kafin ya taɓa ƙasa.

Jiragen Yu Karsem suna bakin ruwa, an sha mai, an loda shinkafa, mutane sun yi sallama da matansu. Ta tattare zane ta tako cikin ruwan.

"Wasmad! Ina yake? Zo nan da bakin nan naka mai zuma. Wannan mece ce?"

Ya fito daga bayan wata mota yana murza hannu. "Yu, a yi haƙuri, ƙanƙara ce. Ba ta dai gama shiri ba."

"Kai ne aka haifa ba ka gama shiri ba! Da wannan zan adana kifi? Ko wanka zan yi musu?"

"Bari in je gida in sanar da Pak Haji, a san yadda…"

"Ka je? Kai? Kafin ka isa ta zama ruwan zamzam. Zauna nan."

Ta sa aka ɗora mata gwangwani guda cike a keken fasinja, ta hau ta rungume shi. Waɗanda suka bi ta sun ce ko takalmi ba ta cire ba. Ta hau barandar ta tuntsurar da shi gaban Haji, ta ce ga saƙo daga uban gida.

Kafin azahar Haji ya iso kamfanin, yana dogara sanda, Laras tana riƙe da hannunsa, don an kira ta a waya ta juyo daga hanya. Ma'aikatan da aka ɗauka a 'yan shekarun nan ranar suka fara ganin sa. Laras ta wuce kai tsaye. Ta shiga ofis ta duba abin da kwamfuta ta tara, ta ga tun jajibere sanyin na uku da na huɗu tare suke hawa tare suke sauka, ko gashi bai raba su ba. Ta fito ta kama wayar na huɗu daga akwati, ta bi ta da hannu har lungu, ta ɗaga buhu. Ga yatsu biyu kwance gefe da gefe cikin ruwa ɗaya.

"Pakde," ta ce a hankali, "yaya aka yi ya zo nan?"

Wasmad ya leƙa kamar yau ya fara ganin abin. "Ikon Allah. Wataƙila zafi ya ishe shi can, ya matso."

"Amsa masa suna aka yi, Mbak," in ji Tarjo daga baya. Dariya ta ƙwace wa masu lodi, wasu suka juya baya suna tari. Laras ta dubi Tarjo ta tambaye shi ina yake da injin ya yi shiru, sai dariyarsa ta ƙare.

Haji bai ɗaga murya ba. Ya taka har gaban injinsa, ya tsaya yana kallon tsatsar da ta cinye fentin, da baƙin man da ya taru a ƙasa, da igiyar da aka ɗaure wani bututu da ita. Ya tambayi Tarjo tun yaushe yake haka. Tarjo ya sosa ƙeya ya ce shi dai tun kafin ya yi aure. Haji ya ce, "To." Ya sa aka nemo wa Yu Karsem ƙanƙara daga hayin kogi, jiragenta suka fita bayan kowa ya riga ya kama wuri a teku.

Washegari Wasmad ya gyara hula ya tafi kamar kullum. Haji ya tarbe shi tsaye a ƙasan matakala, da irin lafazin girmamawar da ake yi wa baƙon da ba a sani ba. Ya yaba hidimarsa. Ya ce bai kamata mutum mai shekarunsa ya riƙa shan iskar safe a kan babur ba. Akwai wani ɗakin ajiyar albasa da yake da shi a hanyar Brebes, yana buƙatar amintacce.

"Ba sai kun riƙa wahalar zuwa ba, Pak Wasmad. In ana son labari, za a aiko."

Wasmad ya yi godiya har sau uku, ya ja da baya yana sunkuye.

Har yau ba a aiko ba. Yana can bakin titi, zaune kan kifaffen akwatin katako a inuwar ɗakin, motoci suna watsa masa ƙura. Masu shagon kofi na tsallake Mad suke ce masa, har yaransu. Ƙofar ɗakin da ƙaton kwaɗo, kuma ba a ba shi makulli ba. Duk wanda ya tsaya ya tambaye shi me ke ciki, sai ya rage murya ya ce kaya ne masu muhimmanci, ba kowa maigida yake yarda ya tsare su ba.

Wata rana Darsinah ta kawo masa abinci, ruwan sama ya tsare ta. Da zama ya ishe ta, ta tashi ta kafa ido a tsagar ƙofa, ta daɗe tana leƙe.

"Me kika gani?" ya tambaya, bai juyo ba.

"Jemagu," ta ce. "Ci abincinka kada ya huce."